Hanyar Baba Nomau

A wani shago a Mabera, bayan rumfar mai faci,
mun liƙe bango da kwalin ƙwai da tsohuwar katifa.
Watan Afrilu ne, Sakkwato tana gasa mu,
fanka kuwa a kashe,
kada makirfo ya kwashi kukanta.

Zayyanu da Jabbi, kowa da jitarsa,
suna gurnani kamar injin markaɗe ya haɗiyi dutse.
Luba tana kan ganguna,
tana jibgarsu kamar sun ci mata bashi.
Kiɗan ƙarfe suke ce masa, ba su yi ƙarya ba,
ko maƙeran Assada suka ji
sai sun ajiye masaba sun leƙo.

Jabbi ne ya jawo kawunsa,
Baba Nomau, tsohon ɗan badujala,
shekara talatin yana busa wa 'yan sanda fareti.
Ya kwance saksofon daga cikin tsumma,
tagullar ta dushe kamar tsohon kwabo,
murafen kuwa da hannunsa ya sake musu fata,
fatar jar akuya, da aska da danƙo.

Ya busa.
Na ga kumatu sun cika,
na ga jijiyar wuya ta miƙe,
na ga zufa tana bin furfura,
amma ban ji komai ba.
Sai ka ce mai cigiyar ɗa a tsakiyar Tsohuwar Kasuwa.

Ni ne mai haɗa sauti, maɓallai suna gabana.
Na tura nasa sama. Na ƙara.
Jar fitila ta kama, lasifika ta tsala ihu.
Zayyanu ya ji an taɓo shi, ya murɗa nasa,
Jabbi ya ce ba za a bar shi a baya ba,
janareta ya yi tari biyu ya mutu.

A cikin duhun Baba ya ce,
"Yaro, mi kaka yi haka?
Ni ban zo kokawa da ɗiyan ga ba.
Ga fareti ba mai ƙarfi aka ji ba,
wanda anka ba hanya, shi aka ji."

Da suka watse na zauna ni kaɗai,
na'urar ji a kunne, shayi ya huce.
Na kori jita ɗaya hagu, ɗaya dama,
kamar an raba raguna biyu a turke.
Na nemo inda muryarsu ke danne tasa,
can tsaka-tsaki, daidai inda maganar mutum take zama,
na yanke musu kaɗan,
yankan ƙumba, ba yankan mahauci ba.
Farantan Luba na rage musu tsatsa.
Busar kuwa na mayar da ita inda na same ta,
ban ƙara mata ko ƙwayar gero ba.

Sai ga ta.
Tana tafe tsakanin gaɓa biyu kamar Rima da rani,
siririya, ba ta gaggawa,
ƙarfe na ta zuba dama da hagu
ita ko a jikinta.

Washegari Zayyanu ya ɓata rai,
wai na rage wa jitarsa ƙiba.
Luba ta ce ya yi mana shiru.
Na kunna.

An ji numfashin da tsoho ke ja kafin ya busa.
An ji fatar akuya tana rufe rami, ƙas, ƙas.
A minti na uku an ji inda yatsa ya zame,
sautin ya karkace, ya dawo da kunya.

Baba ya dafa kai.
"Jiya ba wanda yaj ji wanga kuskure,
yau ka tona ni."

Na ce in goge?
Ya daɗe yana kallon lasifika.
Ya ce, "Bar shi nan.
Maido baya in ƙara ji."